Gyaran Taya Huɗu

Abin da ke kan faifai a waccan shekara, in za a ƙirga da yatsu, bai cika hannu ɗaya ba: tayoyi huɗu sababbi, gurbin karatun wani saurayi da saura shekara biyu ya gama jami'a, sai filina na sayar da motoci a bakin titi a Alexandria, wanda na yi shekaru ina tuƙin tasi a Washington kafin in iya kama hayarsa. A cikin ukun nan tayoyin ne mafi arha, su ne kuma suka so su cinye sauran biyun.

Ina ba da labarin ne saboda ku samarin yanzu da ke zuwa wurina da waya a hannu kuna cewa, "Baba Sabo, ai sana'arku ba wuya. A ɗauki hoton mota, a saka, mai so ya kira." To, madalla. Ku zauna ku ji yadda mutum zai san inji, ya san bodi, ya san ciniki, amma rashin sanin wanda ba a yi wa kyauta ya kusa tayar da shi daga kasuwa.

Motar farko da aka bar ni in duba ni kaɗai wata doguwa ce ƙirar Amurka, ruwan toka, tana ƙyalli kamar an lashe ta. Lokacin ina wankin motoci a filin wani tsohon Bature mai suna Walta, da safe wanki, da yamma tasi. Na zagaya ta, na buɗe gaba na leƙa, na tayar da ita na saurara, na dawo na ce masa lafiyarta ƙalau. Ya zaro ɗan maganaɗisu daga aljihu, irin wanda ake mannawa a jikin firji, ya ɗora a ƙofa, ya kama. Ya ɗora a saman tayar baya, ya faɗo ƙasa. Ashe wurin ba ƙarfe, tsatsa ta cinye shi, an cike ramin da wani abu kamar yumɓu an bi da fenti. Ya ɗauki maganaɗisun ya miƙo min, ya ce in riƙe, digirina ke nan.

Har yau kayan aikina ba su wuce haka da yawa ba. Tocila, don leƙa ƙarƙashi, saboda gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara daga ƙasa yake fara cin mota, kamar gara. Sai kwali. Ka shimfiɗa shi a ƙarƙashin mota ka tafi ka ci abinci, in ka dawo ka karanta abin da ta rubuta maka: baƙi man inji ne, ja man giya, kore ruwan lagireto. Mai mota zai iya yi maka ƙarya, motar ba ta iya yi wa kwali. Sai hanci, wanda ba a saya a kanti. Motar da ruwa ya taɓa haɗiyewa, ko an yi mata wanka da turare, ka rufe gilasai ka bar ta a rana, za ta faɗi gaskiya. A wurin gwanjo kuma Walta ya koya min abu biyu: kada ka ɗaga hannu inda gira za ta isa, kada kuma ka so mota. Wanda ya so mota a gwanjo ya riga ya biya fiye da kuɗinta.

Abin da Walta bai koya min ba shi ne ciniki, don wannan daga Kaduna na zo da shi. Mahaifina mai awon hatsi ne. Tun ina ƙarami na ga in ya cika mudu ya juye wa mai saye, sai ya ƙara damƙi ɗaya da hannu ya zuba a kai. Ku da aka haifa a nan, wannan shi ake kira gyara. Ba ragi ba ne, ragi kafin a sallama ake yinsa. Gyara bayan an gama komai yake zuwa, lokacin da mai saye ba ya bin ka komai, shi ya sa ake tuna shi. Da na buɗe filina, duk wanda ya sayi mota sai na yi masa: wani shimfiɗar ƙafa, wani in cika masa tanki, wani sabon batir. Walta ya zo ziyara ya gani ya ce hauka ne, ka riga ka sayar, me kake nema? Amma Amurkawan da ba su da sunan abin a bakinsu sun iya dawowa da 'yan'uwansu.

A tsakiyar shekarun tamanin ne wani mutum mai kwat da murmushi ya shigo ofishina yana tallar ƙungiyar magoya bayan wasanni ta wata jami'a da ke kusa da mu. Ka biya wani abu a shekara, a ba ka kujeru biyu a wasan ƙwallon kwando, a rubuta sunan filinka a allo inda dubban mutane za su gani. Ni ban san kan wasan ba, ban ga dalilin da zai sa manyan mutane su riƙa jefa ƙwallo cikin kwandon da aka riga aka fasa gindinsa ba. Amma na san talla, na kuma ga tana da arha. Na biya. Suka ba ni hula da wata 'yar ƙasida ta dokoki. Hular na sa a kai, ƙasidar na tokare ƙafar tebur da ita, don yana ɗan rawa.

Daga baya ne na san abin da na shiga. A ƙasar nan ɗan wasan jami'a wai ɗalibi ne mai wasa don sha'awa. Ana sayar da tikiti, gidan talabijin na biya, koci na zaune a gida mai kallon kogi, amma yaron da ke zubar da gumin dole ya zauna tsarkakakke kamar mai alwala. Abin da ya halatta gare shi kuɗin makaranta ne da ɗaki da abinci da littattafai, kuma shekara-shekara ake sabunta masa. Mai goyon baya kuwa, wato ni da hulata, ba ya ba shi kuɗi, ba ya ba shi aron mota, ba ya tsaya masa a banki, ba ya kai shi gidan cin abinci ya biya, ba ya rage masa farashin da bai rage wa kowa ba. Ihu da tafi kaɗai aka bar mana. Kuma da zarar ka biya sau ɗaya ka zama mai goyon baya har ƙarshen ranka. Aure ma akwai saki, wannan babu.

Wata Asabar a farkon kaka Sista Saratu ta shigo fili. Nas ce 'yar Filato, tana zaune a Upper Marlboro, ta taɓa sayen mota a wurina. A bayanta wani saurayi ne wanda sai da ya rusuna kafin ya shigo ƙofar ofis, da ya durƙusa ya gaishe ni kuma muka zama kai ɗaya.

"Alhaji, ga ɗan yayata, Bitrus," in ji ta. "Karatu yake a jami'ar nan ta kusa da ku, yana musu ƙwallon kwando. Na gaji da zuwa ɗauko shi coci duk Lahadi, sai ka ce ni na haife shi. A samo masa wadda za ta kai shi ta dawo da shi."

"Wadda za ta kai shi da sauƙi, Sista," na ce. "Wadda zai shiga ita ce matsalar. Kai, Dogo, me suke ba ku a Jos?"

"Gwate ne kawai, Baba."

"To a rage wa na baya."

Muka gwada uku. Ta farko gwiwoyinsa suka tokare sitiyari, ta biyu kansa ya ɗaga rufi. Ta uku wata 'yar Japan ce shuɗiya mai ƙofa biyu, injinta lafiya, kwali ya wanke ta. Na sa bakanikena ya kwance kujerar direba, ya huda sababbin ramuka, ya ja ta baya har ta haɗe da ta baya. Wannan gyara ne irin na gareji, na kuma sa kuɗinsa a kan ciniki. Sannan muka zauna da Sista. Na faɗi kuɗi, ta dafe ƙirji ta ce ko da gidan zan haɗa mata. Ta taya, na ce albarka. Ta ƙara, na ce albarka. Ta ɗauki jakarta ta nufi ƙofa a hankali, irin tafiyar da ke jiran kira, na bar ta ta kai bakin ƙofar sannan na ce ta kawo. Farashin da muka tsaya a kai shi zan sallama wa kowa, in ya iya ciniki kamarta. Ita ta biya, daga albashinta, kuma doka ba ta hana inna ta saya wa ɗanta mota ba.

Da an tsaya nan da ba labari. Amma da na durƙusa na dubi tayoyin, na ga sun sha hanya. Za su wuce binciken gwamnati, amma sanyi na tafe, yaron nan kuma bai taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba, ga babban titin da ya zagaye birnin nan inda kowa ke gudu kamar an biyo shi. Na ce wa bakanike ya sa sababbi huɗu.

"Nawa kuma wannan, Alhaji?" in ji Sista, ta riƙe jaka gam.

"Gyara ne."

"Ato. Bitrus, ka ji. Allah ya ƙara kasuwa."

Bitrus ya sake durƙusawa. Aka rabu kowa na murna.

Yanzu ku lura. A Hausa taya uku gare mu: ta ciniki, ta mota, da ta godiya. Biyu sun riga sun wuce lafiya. Ta ukun ce ta zo da magana. Yaro mai tarbiyya, in babba ya yi masa alheri, ba ya barin godiyar a bakinsa shi kaɗai, don bakinsa ya yi ƙarami. Sai ya nemi wani babba ya taya shi. Bitrus kuwa an yi masa tarbiyya har ta yi yawa.

Kafin a fara kakar wasa aka yi liyafar magoya baya a wani babban ɗaki na jami'ar. Na sa babbar riga da hular da suka ba ni a aljihu. Aka jera 'yan wasa suna gaisawa da mu. Ina tsaye da faranti a hannu sai ga Bitrus ya riƙo hannun kocinsa, wani jan Bature mai wuyan bijimi, ya jawo shi har gabana. Da Turancinsa mai tsabta, da murya irin ta mai karanta Littafi a coci, ya ce, "Koci, kai ne babana a nan. Ka taya ni gode wa wannan bawan Allah. Na sayi mota a wurinsa, ya ba ni sababbin tayoyi huɗu kyauta."

Koci ya tsaya da tauna. Ya ce wataƙila dai suna cikin kuɗin motar.

"A'a, Koci," in ji Bitrus, yana jin daɗin koya wa Bature al'ada. "A kan ciniki ya ɗora. A wurinmu sunansa gyara, wato ƙari."

A duk kalmomin da ke cikin Turanci, ya rasa wadda zai ɗauko sai wadda ke rubuce a dokarsu. Abin da aka haramta ke nan da sunansa: ƙarin alheri. Da ya fassara ɗaya gyaran, na gareji, da an ce sannu da aiki an ci gaba da cin kaza.

Mutanen da ke kewayenmu suka juyo. Kusa da ni akwai wani babban dillali mai filaye uku, wanda kowa ya san motocinsa sababbi fil suna ajiye a bakin ɗakunan 'yan wasa, da sunayen kakanninsu mata da ke wasu jihohi, tsofaffin da ba su taɓa riƙe lasisi ba. Ya ɗaga kai yana nazarin rufin ɗaki kamar yana shirin sayensa. Shi mota sukutum yake bayarwa, amma ba wanda ya taɓa gode masa a gaban mutane. A ranar na gane cewa a wannan harka laifin ba bayarwa ba ne, laifin godiya ne.

Ba a yi mako ba wata mata ta zo fili. Misis Helen, siririya, mai furfura da tabarau, ita ke kula da bin doka a sashen wasanni. Na ba ta kujera, na ce a kawo lemo, ta ce ba ta sha, wataƙila shi ma ƙari ne. Ta yi min bayani a natse. Mutane da yawa sun ji, dole ta bincika. In ya tabbata an yi wa Bitrus abin da ba a yi wa sauran ɗalibai, sai a kai rahoto ga hukumar wasannin jami'o'i, a dakatar da shi, ya biya kuɗin tayoyin, sannan a jira hukunci. Hukuncin na iya zama 'yan wasanni kaɗan, amma jiransa na iya cinye rabin kaka.

"Ai da sauƙi," na ce. "Innarsa ta biya, ko in cire abina in mayar da tsofaffin."

"Wannan zai gyara tayoyin," in ji ta. "Ba zai gyara rahoton ba."

Ta cire tabarau ta goge, ta ƙara da cewa Bitrus ba shi ne tauraron ƙungiyar ba. Mai tsaron ƙarƙashin kwando ne, ana sa shi a ciro shi. Koci kuma yana da ido a kan wani yaro daga kudu, gurbi yake nema masa. Ɗan wasan da ya zauna rabin kaka a benci da rahoto a kansa, in lokacin sabunta tallafin karatu ya zo, ba sai ta faɗa min sauran ba. Kuma ba tallafi ba makaranta, ba makaranta ba takardar zama.

Na tambaye ta ko ba wata ƙofa. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Mista Sabo, wannan abin da yaron ya kira gyara, shi kaɗai kake yi wa?"

"Kowa nake yi wa. Tambayi duk wanda ya taɓa saye a nan."

"Kowa taya huɗu?"

Nan na tsaya. Ɗan kasuwa ya san lokacin da aka taya masa. Ban taɓa ba kowa taya huɗu ba, na kuma faɗa mata haka, na ce gyara ba shi da mudu, gwargwadon hannu ne. Ta ce dokarsu ba ta san hannu ba, mudu ta sani. Amma in tsari ne na filin nan cewa duk ɗalibin jami'arsu da ya sayi mota a wannan shekarar karatu yana samun sababbin tayoyi huɗu, ɗan wasa ko ɗan laburare, to Bitrus bai samu ƙari ba. Ya dai riga kowa zuwa ne.

Na yi lissafi da sauri, irin na gwanjo. Ɗalibai ba su da kuɗi. A shekara ban fi sayar wa biyu ko uku ba. Taya goma sha biyu a kan karatun yaro, ga talla a sama, ai ciniki ne mai kyau.

"Tsarina ke nan daga yau," na ce. "Na sallama."

"Madalla. Sai a sanar, don tsarin da ba wanda ya sani ba tsari ba ne. Jaridar ɗalibai na fitowa duk mako. Zan taya ka rubutawa."

Taya ta huɗu ke nan, wadda ban san da ita ba. Abin da ta rubuta gajere ne: kowane ɗalibi, kowace mota, sababbin tayoyi huɗu, har ƙarshen shekarar karatu. Na karanta na ga ba laifi. Maganaɗisuna na aljihu, amma ba ya kama takarda.

Wanda ya fara zuwa wani siririn yaro ne mai karatun lauya, da jaridar a naɗe a hannu. Bai dubi motocin gaba ba. Ya wuce kai tsaye bayan fili inda na ajiye wata gawar mota da muke cire wa kaya, ba gilashi, ciyawa ta fito ta cikinta. Ya tambayi kuɗinta. Na ce ba ta tashi. Ya ce bai ga inda aka rubuta sai ta tashi ba. Na faɗi kuɗin ƙarfenta, ya biya ba ciniki, ya ce a sa tayoyin. Aka sa. Ya kira ƙanensa da wata mota, suka kwance tayoyin nan a gabana suka loda a but, ya ce gawar ya bar min kyauta, ko a wurinmu ba a yi wa mai sayarwa gyara? Da yamma na sa aka kwashe duk wata gawa daga filin. Amma labari ya riga ya shiga makaranta.

Daga nan aka buɗe. Na ce ɗalibai ba su da kuɗi, na manta suna da iyaye. Uba zai zo daga Woodbridge ya zaɓi motar da shi yake so, ya turo 'yarsa da katin makaranta ta sa hannu. Malamai suka tuna cewa suna ɗaukar darasi ɗaya da yamma, su ma ɗalibai ne. Kowa kuma mai arha yake so, irin wadda ribarta ba ta kai kuɗin taya biyu ba. In ɗaga farashi? Na gwada tunanin, amma kuɗin kowace mota na rubuce a gilashinta tun kafin sanarwar, kuma Misis Helen takan biyo ta titin nan a kan hanyarta ta zuwa gida, ta rage gudu, ta ɗaga min hannu. Har 'yan wasan ƙungiyar suka zo, waɗanda kakanninsu ba su samu mota ba, suka karɓi tayoyinsu da halal ɗinsu, doka na kallo tana murmushi. A da yaro ɗaya na yi wa alheri aka ce na ɓata wasa. Yanzu ina yi wa rabin ƙungiya, an ce na gyaru.

Ban taɓa sayar da motoci da yawa kamar wannan shekara ba, ban kuma taɓa shan wuya kamarta ba. Ku riƙe wannan, ku masu cewa kasuwa ita ce yawan ciniki. Fili na biyu da na yi shekara ina zawarci a Woodbridge, wani ya ɗauka. Na sallami mai wanki na koma wanki da kaina. Asabar da Lahadi na koma tasi, ina ɗaukar mutane daga filin jirgi da hular magoya baya a kaina, don ita ce mai ɗumi. Mai kawo min tayoyi, wanda a da sai na kira shi sau uku, ya fara aiko min da katin gaisuwa.

Sista Saratu ta zo da kuɗi a ambulan ta ce in rage zafi. Na ce ta mayar, gyara ba ya komawa cikin buhu, ballantana in an gani a ce ashe biya aka yi a ɓoye, a sake sabon bincike. Bitrus kuwa ya daina zuwa kusa da ni. A filin wasa in ya hango ni sai ya ɗan rusuna daga nesa, kamar mai gaida suruki. Da aka yi hutun bazara ya zo ya ce zai riƙa wanke min motoci kyauta, ya rage min asara. Na kira Misis Helen na tambaya, don a lokacin ko ruwa zan ba ɗan wasa sai na tambaya. Ta ce aikin hutu ya halatta, da sharaɗin ya yi aikin da gaske, in kuma biya shi daidai da abin da ake biyan kowa. Haka wanda ya zo rage min asara ya shiga layin masu karɓar albashi. Amma fa ban taɓa samun mai wanke rufin mota ba tare da tsani ba sai shi.

An sabunta masa tallafin a wannan shekara, aka sake sabuntawa ta gaba. Bai zama tauraro ba, ba a taɓa sa hotonsa a jarida ba. Ya gama, ya karanci haɗa magunguna, ya zauna nan kusa, a Maryland. Babban dillalin nan mai filaye uku kuwa, an sa sunansa a jikin wani ɗakin motsa jiki.

Shekaru da yawa bayan haka, gashina ya yi fari, sai ga Bitrus ya rusuna ya shigo ofis, a bayansa wata budurwa da ita ma sai da ta rusuna.

"Baba, ga jikarka, Rifkatu. Ta samu gurbi a makarantarmu, ƙwallon raga take musu. Mota muke so."

"Kai, Dogo, ashe ba a rage wa na baya ba."

Na daɗe da daina biyan kuɗin ƙungiya, hular ma asu ya cinye, amma na san matsayina, har abada ne. Na nuna mata kuɗin da ke rubuce a gilashi. Uban ya taya, don kada a ce bai gaji innarsa ba, na ce albarka, ban sauko ba ko kaɗan. Ya biya. Yarinyar ta ga 'yan maƙalan makulli a kwano a kan tebur, masu sunan fili, ta miƙa hannu. Na janye kwanon.

"Baba, ba gyara?" in ji Bitrus, yana danne dariya.

"Ko ƙwayar gero."

Ya durƙusa, da girmansa da furfurarsa, ya ce, "Na gode, Baba." Ya juya ga 'yarsa. "Ke, taya ni godiya. Amma a hankali, kada wani ya ji."

To ga lissafin. Na yi asarar fili ɗaya a Woodbridge, da ribar shekara guda, da tayoyin da ban ƙirga ba, amma mai kawo min su, da ya ƙirga, ya sayi jirgin kamun kifi. Na samu mai haɗa magunguna ɗaya, wanda har yau in na je karɓar maganin hawan jini sai ya zagayo daga bayan kanta ya gaishe ni, ya karɓi kuɗinsa cif, sannan ya jefa alewar tari guda biyu a cikin leda. Na duba da kyau: ba kowa yake jefa wa ba.